Ranar Da Muka Sulale Muka Yi Wa Baba Shuka

Shekarar da na gama fom faif, ina jiran sakamakon jarrabawa, zaman gida ya so ya haukata ni. A Dorayi muke. Da na leƙo ƙofar gida sai wani ya ce, "Ya rizal?" sai ka ce ni nake makin takardun. Na ari keken yayana na shiga neman aiki. Na bi Bompai get-get, babu. Na dawo Sharada, nan ma tun daga nesa allon babu aiki yake gaishe ka. A Challawa na dace, wani kamfanin silifas ya samu oda mai yawa, suka ɗebi 'yan wucin gadi, har da ni.

Aikina sa hanci. Inji zai fito da tafin silifas mai huda uku, a zubo mana a kan tebur, mu kuma mu tura hancin roba cikin hudojin da babban yatsa, mu wurga a kwando. Cikin sati biyu na zama ƙwaro. Wallahi ba cika baki ba, kafin na kusa da ni ya gama ƙafa ɗaya na gama biyu ina fito. Ga gashina a tsefe ya yi tozo, ga wando mai faɗin ƙafa, ina ji da kaina ba kaɗan ba. A sashen kowa ɗan boko yake ce min, ni kuma ina amsawa da yes.

Amma fa aikin ba sauƙi. Shida na safe zuwa shida na yamma, har Lahadi, saboda odar nan. Muka yi sati biyar ba mu ga rana tsaka a waje ba. Warin narkakkiyar roba ya bi mu har cikin tuwo. Ƙarar inji kuwa, ko ka koma gida tana nan cikin kunnenka tana zuuu. Farcen babban yatsana ya yi baƙi. In na kwanta, ko dai in yi mafarkin na faɗi lissafi, ko in yi mafarkin silifas masu huda goma.

Mai kula da injin narka robar wani dattijo ne ɗan Zawaciki, kowa Baba yake ce masa, har heluma, wato shugaban ma'aikatan sashenmu. Gonarsa ta gado tana can bayan kamfanin. In ka hau tulin tarkacen roba kana hango tsamiyar da ke tsakiyarta. Gonar nan ita ce ta ja masa kwiri, wato takardar gargaɗi, har biyu a bara, ɗaya ranar shuka, ɗaya ranar girbi, don duk ranakun bai zo aiki ba. Dokar kamfani kuwa, na uku kora ce. 'Ya'yansa maza duk sun tafi neman kuɗi kudu, daga shi sai tsohuwar matarsa.

A shekarar ruwa ya yi jinkiri sosai. Kullum hadari ya haɗu ya watse. Ran nan da asuba sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Muka iso aiki jagab, kowa yana dariya, ban da Baba. Yana tsaye gaban injinsa, amma rabin hankalinsa yana tagar sama. Gonarsa jigawa ce, in ba a shuka ta ranar ba, gobe damshin ya gudu, kuma ba wanda ya san ranar wani ruwan. Da na gaishe shi na ce, "Baba, yau kun samu ruwan shuka," sai ya ce eh, ruwa ya samu, mai shukar ne bai samu ba.

Wajen hantsi wuta ta yi fat ta ɗauke.

Kai, wannan shirun. Na tsaya da silifas a hannu ina jin ɗigar ruwa daga kwano, abin da ban taɓa ji ba a ɗakin nan. Janaretonmu ofis kawai yake iya ɗauka. Can heluma ya dawo ya ce an ce iska ce ta kayar da turke a wani wuri, ba a san yaushe za a gyara ba, amma kada wanda ya fita get. Ya juya ya koma ofis, inda fanka take.

Mataimakin Baba a inji wani dogo ne mutumin Damagaram, ba ya magana sai ta kama. Shi ya tara mu a bayan tulin kwanduna. Ya ce kowa ya san in wuta ta dawo ba nan take ake fara aiki ba, sai an kunna hita roba ta narke, kuma hakan yana cin kusan minti arba'in. Shi zai zauna. Da wuta ta dawo zai kunna hita, ya hau tsanin tankin ruwa ya rataya fallen roba ruwan ɗorawa, wanda za a hango daga gona. Mu kuma mu taso. Kafin allurar zafi ta kai jan layi, Baba yana gaban injinsa, ba wanda ya san an yi.

Baba ya ce a'a, kada a ja wa 'ya'yan mutane. Wani gajere ɗan Ringim da muke tebur ɗaya ya ce ai ba don Baba za su je ba, don kansu ne, tun asuba tafin ƙafarsa yake ƙaiƙayi. Duk yawancinsu haka suke, 'yan Ringim, Gumel, Kazaure, gonakinsu suna nesa, ruwan shuka ya sauka suna nan suna sa hancin silifas. Kafin ka ce kwabo mun zama mu takwas.

Ta get ba zai yiwu ba, don kowa yana da lambar ƙarfe da yake ratayewa a allo in ya shigo, in zai fita ya cire. Muka bar lambobinmu suna yi mana zaman aiki, muka bi ta inda kwata take fita a bayan katanga. Akwai wata kafa a wurin da kowa ya sani, kowa kuma yake yi kamar bai sani ba. Kekunanmu dama a rumfar mai shayi muke barinsu, a waje. Keke uku, mutum takwas. Ni na goya Baba.

Ban san yadda zan gaya muku daɗin da na ji ba. Iska mai sanyi tana dukan fuskata, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kwaɗi suna ta biki a kududdufai, ga jajayen ƙwarin nan masu kamar karammiski sun fito kan rairayi. Rana tsaka, ranar aiki, ga ni a waje. Na saki waƙa ina buga ƙararrawa ba gaira ba dalili. Baba ya doki bayana ya ce in rage gudu, yana so ya ga gonarsa da idonsa, ba daga asibiti ba.

Muka tarar da matarsa, Iya, ita kaɗai a gona. Ta sara layi huɗu, ta dawo tana bi da iri. Da ta ga rundunarmu ta dafa ƙugu ta tambaya ko kamfanin ne ya ƙone. Aka ba ta labari a gurguje. Sungumi biyu ne a gidan, wato doguwar fartanyar sara ramin shuka. Ƙarfafa biyu suka ɗauka, sauran aka raba musu gero a ƙoƙo da hula da gefen riga. Ni ma na miƙa hannu, sai Baba ya tambaye ni ko na taɓa shuka. Na ce mun shuka wake a gwangwani a ajin kimiyya. Aka kwashe da dariya.

"To kai aikinka ɗaya ne," in ji Baba. "Zauna gindin tsamiyar nan, idonka a kan tanki. Da ka ga ruwan ɗorawa ka yi magana."

Na ce, "An gama, Baba. Ko ƙuda ne ya sauka a tankin nan sai na gaya muku."

Na zauna. Tankin yana can, fari, ba komai a jikinsa. Na kalle shi, na kalle shi. A gabana kuwa abin kallo ake yi. Mutanen da na sani a tebur fuska a murtuke, ga su sun tuɓe riguna, masu sara suna tafe suna taku ɗaya sara ɗaya, masu iri suna bin su kamar ana kaɗa musu ganga. Wani ya ɗauko waƙar noma ta garinsu, sauran suka karɓa, kowa da irin tasa, ba ta ma haɗu ba amma ba wanda ya damu. Ɗan Ringim, wanda kullum nake ba shi kashi a sa hanci, a nan shi ne sarki. Duk layin da ya kai ƙarshe sai ya waiwayo ni.

"Ɗan boko, ashe yatsan naka na silifas ne kawai?"

Na yi kamar ban ji ba. Ya sake zagayowa ya ce a bar ni, 'yan birni ai a kasuwa suke zaton gero yake tsirowa. Na dubi tanki, ba komai. Na ce a raina layi ɗaya kawai, in rufe bakin gayen nan in dawo.

Na karɓi ƙoƙo a hannun Iya na shiga. Ramin farko na durƙusa na zuba gero na danna shi da babban yatsa, yadda na saba da silifas. Na biyu ma haka. Sai na ji gona ta yi tsit, sannan ta fashe da dariya. Wani har da zama a ƙasa. Iya ce kawai ba ta yi dariya ba. Ta ce in cire takalmin nan mai tudu, in naɗe wannan buhun wandon da na sa a ƙafa, in miƙe tsaye kamar mutum. Ta nuna min: ka tsinci iri da yatsu uku, ka murza shi ya faɗa rami kana tsaye, ka ja ƙasa da gefen ƙafa, ka taka da dunduniya, ka wuce. Ba a sunkuyawa, ba a waiwaye.

Rami goma na farko na yi shirme. Daga nan hannuna ya gane. Ashe murzawar nan duk aikin babban yatsa ce. Tsinta, murza, taka. Tsinta, murza, taka. Ƙasa mai sanyi tana shiga tsakanin yatsun ƙafata, wani daɗi yana hawa har ƙeyata. Na kai ƙarshen layi na juyo na kama wani. A layi na uku na kamo ɗan Ringim, a na huɗu na wuce shi ina yi masa gwalo. Mai saran da ke gabana ya fara waiwaye yana cewa in daina taka masa dunduniya. Aka koma gasa sosai, ana ihu, ana zuga. Har Baba na ji yana dariya yana cewa yaron nan aljani ne. Rabon da in ji kaina wasai haka tun kafin jarrabawa. Ba rizal a kaina, ba ƙarar inji, ba komai, daga ni sai rami na gaba.

Ban san layi nawa na yi ba. Iya ce ta miƙe tana dafe da baya, ta kare ido da hannu, ta ce, "Wai wane ne ya yi shanya a saman tankinku?"

Na ɗaga kai. Ga fallen roba ruwan ɗorawa yana kaɗawa abinsa.

Waƙa ta mutu. Da muka yi shiru sai muka jiyo gunjin kamfanonin Challawa daga nesa, duk sun tashi. Ba wanda ya san tun yaushe. Minti biyar ne, rabin awa ne, oho. Baba ya dube ni kawai, ya ajiye ƙoƙonsa a ƙasa a hankali. Da ma ya zage ni, da ya fi min sauƙi.

Ɗan Ringim ne ya fara motsi. Ya fizgi kekena, don shi ne keken da ya fi lafiya, ya ce Baba ya hau. Suka fyalla, taɓo yana tashi a bayansu. Sauran biyar suka rarumi keke biyu, wani a kariya, wani a kan ƙarfe, riguna a hannu. Na sunkuya zan ɗauki takalmina in bi su da gudu, sai na ji an riƙe min wuyan hannu. Iya ce, kuma riƙon ba na wasa ba ne.

"Ina za ka?"

"Iya, aiki. Za a neme ni."

"Ka ga ramukan can?" Ta nuna min. Masu sara sun yi gaba da mu da layi kusan goma, duk a buɗe. "Rana ta fito. In ta buge su sun tashi aiki. Kai aka sa gadi ka taho rawa, kai za ka rufe su."

Na ɗauki ƙoƙo.

Wannan karon ba waƙa. Ni da Iya, layi-layi. Na tambaye ta yadda za mu san ko Baba ya kai a kan lokaci. Ta ce ai da sauƙi, in na hango shi yana tahowa ta hanyar nan kafin a tashi daga aiki, to an sallame shi ke nan. Daga nan duk rami biyar sai na ɗaga kai na duba hanya. Kallon da ya kamata in yi wa tanki, shi na dinga yi wa hanyar nan. Wani mai jaki ya ɓullo, gabana ya faɗi. Wani tsoho mai farar riga ya taho, na saki ƙoƙo, ashe mai tallan goro ne. Iya ta ce in na ƙara zubar mata da iri sai ta haɗa ni da sungumi.

Muka rufe ramukan, Iya ta sara ɗan abin da ya rage a kusurwa, na bi ta. Azahar ta ɗan gota muka taka rami na ƙarshe. Hanya shiru, ba Baba. Iya ta dubi gonar tun daga wannan gefe har wancan, ta yi hamdala, sannan ta ce to yanzu na zama mutum. Na yi alwala da ruwan butarta na yi salla a gindin tsamiya. Ta dama fura a ƙwarya ta miƙo min, ta ce in sha in tafi.

Na sha. Tafiyar ce ban yi ba. Na ce bari in ɗan jingina minti biyu ƙafata ta huce, tunda dai an riga an neme ni an rasa. Iska tana kaɗa ganyen tsamiya, ɗigon ruwa yana faɗo min a goshi jefi-jefi, kurciya tana kuka a sama. Wallahi na yi barci a katifu iri-iri daga baya, ban sake samun irin wannan ba. Da na farka inuwa ta yi tsawo, Iya ta tafi gida, ta lulluɓe min ƙafa da buhun iri saboda ƙudaje. Abu na farko da na yi, na duba hanya. Ba kowa. Na yi tsalle ni kaɗai a tsakiyar gona kamar wani taɓaɓɓe.

Na yi la'asar na taka a ƙasa zuwa kamfani, takalmi a hannu. Ban bi ta kwata ba, me ya rage? Na zauna a rumfar mai shayi har aka busa tashi. Ma'aikata suka fara fitowa. Ɗan Ringim ya hango ni ya kama ciki yana dariya, ya ce ga mai gadin tanki. Shi ya ba ni labari. Sun iso allura saura ƙiris ta taɓa jan layi. Heluma yana tsaye a gaban inji, mutumin Damagaram yana ta gaya masa Baba ya zaga bayan gida. Sai ga Baba, taɓo har gwiwa, yana haki. Heluma ya dube shi sama da ƙasa ya ce lallai bayan gidan nan da nisa yake. Allura ta hau layi, Baba ya danna, roba ta fito lafiya lau. Heluma ya ce shi abin da aka sa shi ya gani ke nan, ya juya. Sauran ma duk sun shige wurarensu.

Ni ne dai ba a iya ɓoyewa ba. Kujerata ta wuni ba kowa, tafin silifas ya taru a gabanta har yana zubowa, kuma manaja da kansa ya bi ta wurin. Da na ƙarasa bakin get, mai gadi ya miƙo min lambata da wata 'yar takarda: dakatarwa ta kwana uku. Na karanta ta sau biyu, na nemi ɓacin rai a cikina ban samu ba.

Baba ne ya fito a ƙarshe, taɓon ya bushe a ƙafarsa. Ya je rumfa ya turo kekena da kansa ya kawo min. Na durƙusa na ce, "Baba, ku yafe ni. Na kusa ja muku."

Sai ya ce, "Kun rufe duka?"

"Duka, Baba. Har kusurwar wajen itacen kargo."

Ya ɗan rufe ido, leɓensa yana motsi. Da ya buɗe sai ya ga takardar a hannuna, ya tambaya ko kwana nawa suka ba ni. Na ce uku. Ya jinjina kai, ya ce abin bai yi daɗi ba, ya kuma ce akwai ɗan fegin gyaɗa a bayan gidansa, wurin yana riƙe damshi, Iya ba za ta iya ita kaɗai ba.

Na tambaye shi da ƙarfe nawa zan zo.